Gabzar da Nata'ala Ya Ci

Mairo maƙwabciyata ce ta kawo labarin. Ta dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da yamma, ko kayanta ba ta kai gida ba ta faɗo mini, ina tsakar gida ina dama wa Malam kunu. Malam shi ne maigidana, ladanin masallacin unguwarmu a Ɗanzomo. A lokacin ya daɗe a kwance, ƙafafunsa sun kumbura, cikinsa ma haka, an yi na asibiti an yi na gida abin bai sauka ba.

"Husaina, ajiye ludayin nan," in ji Mairo. "Ina ɗanki Nata'ala?"

"Yana Gumel wurin baffansa. Lafiya?"

"Wurin baffansa! To wallahi da idona na gan shi. Direbanmu ya tsaya zuba wa mota ruwa a bayan garin Gumel ɗin, ga fursunoni a jere suna noma, ga gandiroba a tsaye da kulki, ga ɗanki a tsakiyarsu da fartanya. Kai a aske ƙwal, ƙafa ba takalmi."

"Kin dai ga mai kama da shi."

"Ni da na goya yaron nan? Har tabon goshinsa na gani."

Mairo ba ta iya magana a hankali ba, tun tana budurwa haka take. Ɗakin Malam kuwa asabari ne kawai a ƙofarsa. Kafin in ce ta rage murya sai na ji ya yi tari, ya ce, "Ke, zo nan."

Wannan abu ya faru ne da damina, shekara uku bayan da aka bar fam da sule aka koma naira. Nata'ala shi kaɗai ne namijin da ya rayu mana, kuma shi ne yaro na farko a unguwarmu da ya tafi jami'a a Zariya. Abin da yake karantawa kuwa, na tambaye shi ya fi a ƙirga. Ya ce babban karatunsa na zaman jama'a ne. Na ce zama ma sai an koya wa mutum? Ya yi dariya. Ya ce kuma akwai wani ƙarami da ya ɗauka a gefe, na laifi da hukunci.

"Kamar gonar Baba ce, Inna," in ji shi. "Gero ne babba, amma ana jefa wake a tsakani. To wannan shi ne waken."

Wake na sani. Amma yadda laifi zai zama abin shukawa a tsakanin karatu, wannan ban gane ba. Na dai ce Allah ya taimaka. Da aka ba su dogon hutu ya zo ya kwana biyu, ya ce yana da aikin makaranta a Gumel, zai sauka wurin Rabe, ƙanen Malam, wanda yake akawu a ofishin haraji. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na shiga ɗaki na durƙusa. Malam yana kwance rigingine, carbi a kan ƙirjinsa.

"Na ji abin da matar nan ta ce."

"Malam, Mairo ce fa. Ita ce ta ce ta ga kura a bakin rijiya, ashe jakin Ubale ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce tun daga kakansa babu wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali a gidan nan, ko da shaida ce. Ya ce shi da bakinsa ya kira mutanen garin nan salla tun yana saurayi, yanzu kuma za a riƙa nuna ƙofarsa ana cewa ga gidan su ɗan kaso. Sai ya juya ya fuskanci bango.

"In gaskiya ne, kada ya tsaya a kan gawata. Ban yafe ba."

Duk wanda ya ga Malam a lokacin ya san ba zai ga kakar bana ba. Yaro kuwa in ubansa ya tafi da wannan kalma a baki, ina zai je ya same shi ya roƙe shi?

Ranar Asabar da sassafe na bar Mairo ta kula da shi, tun da ita ta kunna wutar, na hau akori-kura zuwa Gumel. Na sami Rabe a zaurensa yana karyawa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya ƙware da koko don dariya.

"Haba matar Yaya! Wa ya ɗaure shi? A nan yake kwana, ga tabarmarsa can. Karatu yake yi."

"A gidan yari?"

"A gonarsu. Takarda ce da shi daga makaranta, har babban gandiroba ya sa hannu."

"To in karatu ne me ya kai shi ga fartanya?"

Rabe ya sosa ƙeya. Ya ce shi ma dai abin bai gama shige masa ba, gara in zo in gani.

Muka taka har bayan gari. Rana ta ɗaga, gero ya kai gwiwa. Tun daga nesa na hango su a sunkuye, sun yi layi, wani yana ba da waƙa sauran suna amsawa. Na dudduba ban gane nawa ba, don duk ƙasa ta mai da su kala ɗaya. Sai da ɗaya ya miƙe ya dafe ƙugu, irin yadda Malam yake yi, sannan na gane shi. Na zauna a kan kunyar gona.

Ya jefar da fartanya ya taho da gudu. "Inna! Baba ne?"

"Yana nan da ransa. Saboda kai na zo."

Na dube shi sosai. Kayan jikinsa ba irin nasu ba ne, singileti ce da wani tsohon wando na Rabe. Amma kan nan a aske yake tas. Sumar nan ta 'yan boko mai kama da kwando, wadda ubansa ya yi ta faɗa a aske tun da ya shiga jami'a yana ƙi, babu ita.

"Me ka yi, Nata'ala?"

"Ban yi komai ba, Inna."

"To me kake yi a cikinsu?"

Ya tsuguna a gabana ya yi mini bayani. Wai malaminsu ya ce kowa ya koma ƙasarsu ya tambayi ɗaurarru yadda aka yi suka shigo, da abin da suke tsammanin samu in sun fita. Wai da farko ya zo da riga mai aljihu da biro da takalmi, babu wanda ya ce masa uffan, sun ɗauka ɗan sandan ciki ne aka turo ya ƙara musu laifi. Suna ganin sumarsa suna kiransa Na-Gwamna. Shi ne ya je ya aske, ya tuɓe takalmi, ya roƙi gandiroba fartanya.

"Yanzu har abin da ban tambaya ba suna gaya mini," in ji shi, yana murna kamar wanda ya yi tsintuwa.

Wani dogo mai gibi a cikin fursunonin ya ɗago kai ya ce, "Inna, sannu da zuwa! Ki tafi da ɗanki don Allah, gero yake sare mana yana barin ciyawa."

"Rufa mini baki, Sajo," in ji Nata'ala. "Kai da ka iya noma me ya kai ka garken mutane?"

"Raƙumin ne ya biyo ni, malam. Na ce ya koma ya ƙi."

Duk suka fashe da dariya, har gandiroban. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ɗana yana wasa da ɓarawon raƙumi kamar abokin wasansa na dangi.

Na ce, "To in ka gama, alƙali za ka zama?"

"A'a, wannan karatun daban ne."

"Lauya?"

"A'a."

"Ɗan sanda?"

"A'a, Inna."

"Wannan mai gibin, za ka iya fitar da shi?"

"Ba ni da ikon haka."

"To mene ne amfaninsa?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ga wasu biyu sun iso da babban daro a kai. Gandiroba ya busa usur, kowa ya ajiye fartanya aka taru a gindin wata ƙirya. Abincinsu ne, gabza, wani tuwo baƙi-baƙi da ruwan miya a kansa. Sajo ya ɗebo a kwano ya ɗaga murya, "Malam, taho kafin ta huce ta zama dutse." Nata'ala ya ce mini yana zuwa. Ina kallo ya wanke hannu, ya tsuguna, ya sa hannu a kwano ɗaya da Sajo, ya kai baki.

A wajenmu ana cewa gabza ba ta shiga cikin mutum sai da hukunci, kuma wanda ya ci ta, sai ta sake kiransa. Shi ya sa ko ziyara mutum ya je gidan yari ba ya shan ko ruwansu. Na kama hannun Rabe, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Kana gani?" Ya kau da kai ya ce shi bai san abin ya kai nan ba.

Da ya dawo yana lasar yatsa na ce, "Ka ci?"

"Kullum nake ci. In na ƙi cin abincinsu yaya za su yarda da ni?"

Na faɗa masa abin da ubansa ya ce. Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. Ya je ya yi wa gandiroba magana, ya ɗauko takalminsa a ƙarƙashin wata sabara, muka kama hanya mu uku, don na ce Rabe sai ya zo ya yi shaida.

A mota na yi ta jan kunnensa. Na ce ya faɗi komai amma ban da maganar gabza. Shi kuwa yana ta kallon gonaki.

Mun isa bayan la'asar. Yara suka biyo mu tun daga tasha, mata suna leƙe ta kan danga. Ashe Mairo ba Malam kaɗai ta kula da shi ba, har da garin. Malam ya ce kada yaron ya shigo masa gida, a fito da shi zaure. Rabe da wani maƙwabci suka tallafo shi suka jingina shi da bango. Nata'ala ya tsuguna a waje, a bakin ƙofa. Ni ina daga ciki, bayan ƙyaure.

Rabe ya fara bayani, ya kawo maganar takarda da sa hannun babban gandiroba. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Kai ɗan ofis ne. Na san ku, kuna iya fitar da mutum da takarda, kuna iya shigar da shi da takarda. Ka kyauta da ka fito da ɗanka. Yanzu yi shiru."

Sai ya dubi yaron. Muryarsa ta shaƙe amma kowa yana ji.

"Mutum uku na sani suna shiga wurin nan. Akwai mai tsaro. Albashi ake biyanka?"

"A'a, Baba."

"Akwai mai ziyara. Kana da ɗan'uwa a ciki?"

"A'a."

"To saura wa?"

"Baba, akwai na huɗu. Mai neman sani."

"Sanin me? Sata?"

"Sanin abin da yake kai mutum ga sata, da abin da ɗauri yake yi masa."

"Shaiɗan ne yake kai shi, ɗauri kuma ya hora shi. Wannan sai an je Zariya?" Ya yi tari mai tsawo. "Wa ya aske ka?"

"Ni na kai kaina."

"Ni na ce ka aske ka ƙi. Su wa suka fi ni?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai. Ni ma a raina na ce wannan tambaya tana da wuyar amsa.

"Ka ci gabza?"

Na leƙo ta gefen ƙyaure ina girgiza masa kai. Ya gan ni sarai.

"Na ci, Baba."

Wata mata a bayan danga ta ce innalillahi. Malam ya rufe ido ya daɗe. Da ya buɗe, ga mamakina, fuskarsa ta ɗan saki.

"To ka fara faɗin gaskiya. Ka ji, yaro. Allah ma ana saɓa masa, a tuba ya yafe. In ka yi laifi an kama ka, ƙaddara ce, ba kai ne farau ba. Abin da ba zan tafi da shi ba, ka tsuguna a gabana ina wannan hali kana ce mini karatu ne. Gobe da safe a yi maka abin da ake yi wa wanda ya fito. In an yi ka shigo mu yi magana. In ba ka yi ba, ka koma inda ka fito."

Abin da ake yi kuwa kowa ya sani. Wanda ya fito daga ɗauri ba ya tsallake zauren gidansu sai wanzami ya aske shi a ƙofar gida, ya yi wanka da ruwan sabuwar ƙwarya da ganyen magarya, a ƙone kayan da ya dawo da su, uwarsa ta ba shi fura da hannunta don ta kori gabzar. A bainar jama'a ake yi, don kowa ya shaida an wanke shi.

Aka mai da Malam ɗaki. Na zagaya ta bayan gida na sami Nata'ala zaune a gindin rumbu.

"Inna, in na yi wankan nan, garin nan kaf sun gama yanke mini hukunci. Har in mutu ni ɓarawo ne a Ɗanzomo. Babu alƙali, babu shaida, babu ranar fita."

"Na sani."

"In ban yi ba kuma ni maƙaryaci ne a wurin Baba."

"Na sani."

"Ke kin yarda da ni?"

Na ce, "Na yarda ba ka ɗauki kayan kowa ba. Amma na ga ka ci da idona."

"To mene ne a ciki? Dawa ce da ruwa."

"In dawa ce da ruwa me ya sa sai su kaɗai ake ba?"

Ni ma ban san ko tambayar tawa tana da ma'ana ba. Na so in ce masa ya yi, na so in ce kada ya yi. Ɗaya sunansa ne da zai rayu da shi, ɗaya kuma kalmar ubansa ce. Na rasa wanda ya fi nauyi, sai na ce bari in je in duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba. A gidan liman ya kwana, shi da Rabe.

Da gari ya waye, bayan an fito salla, na ji sallamar Bappa wanzami a ƙofar gida. Ban aika a kira shi ba. Na leƙa, sai ga Nata'ala zaune a kan turmi a kife, ya tuɓe riga. Mutane sun fara taruwa.

Bappa ya shafa kan ya ce, "To ni me zan aske a nan? An riga ni."

"Ka dai bi da askar, Bappa," in ji liman.

Ya bi da ita a kan fatar, yana ƙunƙuni wai ko ƙwai aka ba shi ya fi wannan gashi. Babu wanda ya yi dariya sai yara. Na aika aka sayo sabuwar ƙwarya, na murje magarya a ruwa da hannuna. Aka kafa zana, ya shiga ya yi wankan. Rabe ya tattara singiletin da wandonsa na aro ya cinna musu ashana, yana cewa shi dai wandonsa ne ya yi zaman kaso. Na dama fura na fito har waje, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa ya shanye, bai dubi kowa ba. Mairo tana gefe tana sharar ƙwalla tana cewa Allah ya shirya mana zuri'a.

Sannan ya tsallake zaure ya shiga ɗakin ubansa. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa.

Malam ya miƙo hannu ya shafa kan, a hankali, tun daga goshi har ƙeya.

"Sun doke ka?"

"A'a, Baba."

"Alhamdu lillahi. Me ka ɗauka?" Kafin yaron ya yi motsi sai ya ce, "A'a, bar shi. Ba sai na sani ba. Kada dai ka koma."

"To, Baba."

"Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka. Ke, ba shi babbar rigata ya sa, kada ya zauna haka."

Na je na buɗe adaka na ɗauko. Da na dawo na tarar Malam yana ba shi labarin yadda ake gane lokacin asuba ba tare da agogo ba, shi kuma yana riƙe da ƙafar uban yana matsawa. Rabon da in ji Malam yana hira haka tun kafin ya kwanta.

Ranar Laraba ya cika, da hantsi. Nata'ala ne ya riƙe kansa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Gonar nan ta bayan Gumel bai sake komawa ba, don ya ce ya riga ya ce to. Yadda ya ƙare da malaminsa na Zariya ban sani ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce in bar maganar. Da hutu ya ƙare ya tafi, tun daga nan kuma zuwansa Ɗanzomo ya zama sai da dalili, ya iso da yamma ya juya da safe.

Ina cikin takaba na sa aka tambayar mini liman: in uba ya yafe wa ɗansa laifin da bai yi ba, yafewar ta hau kan me? Ya aiko cewa yafewa yafewa ce, in daina wahalar da kaina. Na so in sake aikawa in ce to ƙaryar fa, wa ya yi ta, yaron da ya yi wankan ko mu da muka tsaya muna kallo, amma na ji kunya.

Mata suka yi ta zuwa gaisuwa, daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, har dangin uwata na tsallaken iyaka. Kowacce in ta gama yi wa Malam addu'a sai ta matso ta rage murya ta ce, "Shi kuma yaron, Allah ya kiyaye gaba." Ta farko na fara yi mata bayanin takarda da fartanya, na kai tsakiya na ji ni kaina ban san inda maganar ta dosa ba. Sauran duk amin na ce musu.